Kwalin da Na Ba da Sadaka

Alhamis, 12 ga Oktoba, 2023

Na dawo Hulme yau. Ɗakin ya yi sanyi, madarar da na bari a firji ta lalace.

An binne ɗana ran Litinin a Birmingham, jiya aka yi sadakar uku. Shekararsa arba'in da shida. Ni da na haura tamanin ina nan ina jan ƙafa, shi an kai shi makwanci. Allah Ya fi mu sanin dalili.

Abu ɗaya na yi da ya ɗan kwantar mini da rai: ban bar kayansa a jibge ba. Haka aka yi da na mahaifina a Kazaure, haka na yi da na Inno, uwarsa. Kayan mamaci bayarwa ake yi, ladan ya same shi tun ƙasar kabarin tana ɗanya. Riguna, takalma, kwat biyu, duk na raba wa ɗaliban da suka zo gaisuwa. A ƙarƙashin gadonsa na tarar da wani babban kwali cike da kayan wasan talabijin, tsofaffi da sababbi, wayoyi a cuɗe. Mutum da furfura a gemu. Na ji kunya kada baƙi su gani. Na ba Abdulhafiz, ɗan Kano da ke karatu a Aston, na ce ya kai wa masu yara.

Bilqis, 'yarsa, ba ta nan, tana gidan ƙanwar uwarta a Handsworth. Gara haka. Bai kamata yarinya ta ga ana fita da takalman ubanta ba. Ita kaɗai ya bari. Ni ma ita kaɗai ta rage mini a ƙasar nan.

Asabar, 14 ga Oktoba

Bilqis ta kira. Na ɗauka da wasan da muka saba, na ce amaryata ta tuna da tsohon mijinta. Ba ta yi dariya ba.

"Kaka, ina kwalin?"

Na faɗa mata. Daga nan ta koma Turanci, irin nasu na Birmingham mai fita ta hanci, wanda in ta yi sauri rabi nake kamawa. Abin da na kama: ba tarkace ba ne. Wasa ɗaya ne na Japan mai kashi takwas, ya tara su tun yana yaro. Da na uku ya koya mata karatu. Na takwas ɗin tare suke yi a asibiti, a kan ƙaramar na'urar nan ta hannu, shi yana faɗa ita tana dannawa, don yatsunsa sun daina. Sun kai bakin wata gada, ya ce su bari sai an sallame shi su haye tare. Na'urar tana riƙe da inda suka tsaya, da duk abin da ya zaɓa a hanya.

Na ce lada nake nema masa.

Ta ce, "Ko sunansa ba ka taɓa faɗa ba, amma ka iya raba kayansa."

Na ce ɗan fari ne, ba a faɗa. Ban gama rufe baki ba ta kashe.

Talata, 17 ga Oktoba

Na kira. Ba ta ɗauka ba. Ruwa tun safe.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Bayan salla na jira Malam Rabi'u ya sallami mutane. Sa'an ɗana ne, amma ya yi karatu. Na tambaye shi hukuncin wanda ya ba da sadaka kuma yana so ya karɓo. Ya dube ni ta saman tabarau. Mu biyun mun san abin da aka kamanta irin wannan mutum da shi: kare mai komawa amansa. Ya ce ko saye ba a so ya saya.

Sai ya ce, "Baba Bara'u, kayan na waye?"

Na ba shi labari. Ya ce tun da rai ya fita kayan suka zama gado. Ba mata a ƙarƙashinsa, ba uwa, 'ya ɗaya ce. Rabi nata, rabi nawa. Rabina sadaka ta tabbata, babu komawa. Nata kuwa ban ba da sadaka ba, kayan marainiya na ɗauka na bayar, wajibi ne in nemo mata ko ta yafe.

Na ce to a cikin kwalin wane rabi ne nata? Ya ce, "Wannan kuma tsakaninka da ita."

Ita kuma ba ta ɗaukar waya.

Na zo masallaci ina ganin na yi alheri, na koma gida da haƙƙin marainiya a wuya. Bas ya cika, wata Baturiya ta tashi ta ba ni kujera.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Abdulhafiz ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifin. Sabuwar na'urar ya kai gidan Dakta Ahmad a Aston, masu yara uku. Tsofaffin kuwa babu wanda ya so su, talabijin ɗin yanzu ba ya karɓarsu, sai ya kai shagon sadaka a Handsworth, inda Turawa ke sayar da kayan da aka bayar.

Laraba, 25 ga Oktoba

Jeremiah ya zo gaisuwa. Tare suka tashi da marigayin a tsofaffin gidajen Hulme da aka rushe, uwarsa 'yar Jamaika ce, ta sha ɗanwaken Inno. Yanzu direban bas ne, kansa ya yi sanƙo. Ya zauna a bakin kujera da hularsa a hannu. Na ce ya faɗa mini mene ne a cikin kwalin nan, tunda zan je nema ban san abin da nake nema ba.

Ya ce, "Uncle, ai kai ka sayo na farkon."

Na manta. Da ya faɗa sai ya dawo mini. Sanyin 1989 ne, lokacin ina gyaran injin saƙa a Oldham. Na sayi tsohuwar na'ura a kasuwa don yaron ya daina yawo a ƙarƙashin bene. Mai rumfar ya ɗora mini wani kaset kyauta, ya ce ba mai so, rubutun duk na Japan ne. Su biyun suka shekara a kansa ba su iya karanta harafi ɗaya ba. Inno ce ta raɗa masa suna. In ta wuce da tire sai ta ce, "Har yanzu mai fitilar nan bai isa gida ba?" Shi ke nan ya zama Mai Fitila a gidanmu. Sunansa na Japan Jeremiah ya faɗa mini sau uku, bai zauna ba.

In ji shi, wani mutum ne daga arewacin ƙasar, inda ƙanƙara ke rufe ƙofofi, ya ɗauki tatsuniyoyin kakarsa a rediyo mai kaset kafin ta mutu. Shi da abokansa biyar suka haɗa wasan a wani ɗaki saman shagon gyaran keke. Ba yaƙi ake yi ba. Mutum ne da fitila yana bin ƙauyuka, in ya haɗu da aljanin da ya addabi mutane sai ya binciko abin da aljanin ya rasa, ya nemo masa, ya raka shi gida. Na biyu bai zo Ingila ba, sai da suka roƙi wani ɗalibi ya taho musu da shi a jaka. Na uku ne ya fara zuwa da Turanci, a 1994, masu fassarar suka mai da wainar shinkafa biskit, wai yaran nan ba za su gane ba.

Yana ba ni labari yana dariya, sai ya tsaya, ya juya yana kallon taga. Na tashi na ɗora shayi.

Asabar, 4 ga Nuwamba

Jeremiah ya kai ni Birmingham a motarsa. Ƙafata ta kumbura tun kafin mu isa.

Shagon sadaka: na biyu, na huɗu da na biyar suna nan a kwandon ƙasa, tare da kofuna. Na farkon wani ya saye shi safiyar da aka fito da shi, in ji matar da ke sayarwa. Sauran ba ta tuna ba. Na ce wa Jeremiah ni ba zan saya ba, ba zan kuma ba shi kuɗi ya saya mini ba. Ya ce to ya za a yi? Na ce in shi ya ga dama ya saya da kuɗinsa ya ba 'yar abokinsa kyauta, wannan ba ruwana. Na fita na tsaya a waje cikin yayyafi don kada in ga ciniki. Ya fito da leda yana girgiza kai. "Addininku akwai lauyoyi, Uncle."

Daga nan gidan Dakta Ahmad. Wannan ba na son rubutawa.

Matarsa Nana A'isha ta kawo tuwo miyar kuka, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ci loma biyu. Na yi ta zagaye, sanyi, tsadar gas, labarin gida. Daga ƙarshe na faɗi abin da ya kawo ni. Tun da nake ban taɓa buɗe baki na nemi abin da na bayar ba, ko allura. Dakta ya ce, "Haba Baba, ai ba komai," ya hau sama. Na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, na ji an fara kuka, aka rufe ƙofa. Nana A'isha ta yi ta gyara cokulan da ba su karkace ba.

Ya sauko da na'urar a cikin jakarta. Yana miƙo mini ya ce, "Na ma wanke ta tas na saita wa yara, ta koma kamar sabuwa."

Na yi godiya. Ban gane ba. Sai a mota na ga Jeremiah bai tayar da injin ba, ya kunna na'urar yana dubawa, ya ɗora goshinsa a kan sitiyari.

Babu gada. Babu komai. Sunayen 'ya'yan Dakta uku kawai.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Shekara talatin na yi ina gyaran saƙa. In zare ya tsinke a tsakiyar yadi ba a zubar da yadin. Ana komawa baya a ɗauko zaren a bi sawunsa, in mai hannu ne ko mai saye ba zai ga wurin ba.

Na ce wa Jeremiah zan fara wasan daga farko in kai shi bakin gadar, in ba Bilqis. Ya ce zai ɗauke ni watanni. Na ce ina da wani aiki ne? Ya ce za ta gane. Na ce ya yi mini shi to, shi da ya iya. Ya ce a'a, zai nuna mini maɓallan, amma ba zai sa hannu a yaudarar 'yar abokinsa ba.

Da aka zo wurin sa wa mai fitila suna na miƙa masa. Ya dube ni, ya rubuta sunan marigayin, ya miƙo mini.

Alhamis, 9 ga Nuwamba

Mai fitilar a na takwas tsohuwa ce. Ba ta gudu. In ta hau tudu sai ta tsaya ta dafa gwiwa. Jeremiah ya ce matasa sun yi ta ƙorafi da ya fito.

Yini guda ina ƙoƙarin fita da ita daga cikin ɗaki. Babban yatsana ba ya lanƙwasa.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

Sadakar arba'in. Na je a bas ɗin dogon zango. Bilqis ta rame, idanunta irin nasa. Ta zo gabana cikin mata ta ce, "Ina wuni, Alhaji." Alhaji. Tun tana rarrafe Kaka take ce mini.

Da za ta wuce ta ce, "Ka samo?"

Na ce ina kan nema. Na'urar tana Hulme a kan teburina, tana caji.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Akwai wani ɗan ruwa a wasan, kore, da ɗan faranti cike da ruwa a tsakiyar kansa. Yana jan dawaki cikin kogi. Na yi ta neman hanyar wuce shi na kasa. Ashe gaishe shi ake yi a rusuna. Shi kuma ba ya iya ƙin amsa gaisuwa, sai ya rusuna, ruwan kansa ya zube, ƙarfinsa ya tafi. Kakata ta sha ba mu labarin 'yan ruwan Daberam, amma namu ba su da ladabi haka.

Rusuna wa aljani ya tsaya mini a rai. Na ce ai tsohuwar ce ta rusuna, ba ni ba. Ban tambayi Malam Rabi'u ba. Na gaji da amsoshinsa.

Talata, 5 ga Disamba

Likitata ta ce ba zan ƙara wanka ni kaɗai ba. Hukumar unguwa ta turo mai kula da ni da safe. Sunanta Nentawe, 'yar Pankshin, Hausarta ta Jos. Ta ga na'urar ta ce, "Baba, kai ma ka shiga layin 'yan game?" Na ce aiki ne. Ta ce haka mijinta yake cewa da ƙwallo.

Lahadi, 17 ga Disamba

Jeremiah ya leƙo bayan coci, ya fitar da ni daga wani daji da na ɓace a ciki. Da baki kawai, hannunsa a aljihu.

Ya ƙarasa mini tarihin. Na huɗu a faifai ya fito, an yabe shi amma bai yi kasuwa ba. Masu kuɗi suka ce Amurka ba ta sayen wasan da ba a kisa. A na biyar aka ba mai fitila takobi. Masu son takobi ba su saya ba, masu son fitila suka yi fushi. Kamfanin ya rufe a 2001. Mutumin da ya ƙirƙiro shi ya koma garinsu yana koyar da zane. Sama da shekara goma shiru. Ya ce a shekarun nan marigayin da wasu da bai taɓa gani ba, ɗaya a Brazil ɗaya a Poland, suka zauna suka fassara na farko da na biyu da kansu, kyauta, da ƙamus. Sai a lokacin ya san abin da mai fitilar yake faɗa tun yana ɗan shekara goma sha biyu.

Daga baya tsofaffin ma'aikatan suka dawo da furfurarsu, suka roƙi jama'a gudummawa, aka yi na shida. A ƙarshensa an jera sunayen duk waɗanda suka taimaka, dubbai, na marigayin na ciki. Na shidan yana cikin waɗanda ba mu samu ba. Mutumin da ya ƙirƙiro wasan ya mutu ana tsakiyar na takwas, 'yarsa ce ta ƙarasa.

Shekarun da ɗana yake wannan fassarar yana zuwa nan duk ƙarshen wata. Muna zama, in tambaye shi aiki, ya ce lafiya, ya tambaye ni ƙafa, in ce da sauƙi. Mu kalli labarai. Bai taɓa faɗa mini ba.

Litinin, 25 ga Disamba

Titi ba kowa. Nentawe tana hutu, wanda aka turo a madadinta bai san yadda ake dama koko ba. Na tura wa Bilqis saƙon gaisuwa. Alamar an karanta ta fito.

Alhamis, 4 ga Janairu, 2024

Na kai wani ƙauye inda kayan da aka zubar suke tashi da rai. Tsohuwar laima mai ido ɗaya tana tsalle da ƙafa guda, tukunya, takalmin kaba, fitilar da ta fashe. Sun yi wa mutane aiki shekara ɗari, aka jefar da su ba ko sannu, shi ne suke hana gari barci. Laimar ta yi ta bina. Na nemo gidan jikan mai ita na mayar da ita. Ya karɓa ya jingine ta bayan ƙofa, ko dubanta bai yi ba.

Na tuna ranar da aka rufe masaƙarmu, aka fasa injinan da guduma aka sayar a kilo.

Idona na hagu yana ƙara yin hazo. Jeremiah ya ce gadar ba nisa yanzu.

Litinin, 15 ga Janairu

Asibiti. Rubutun zai karkace, a kan tiren abinci nake yi.

Ran Talatar da ta wuce na faɗi a kicin bayan azahar, ƙugu ya tsage. A nan na kwana a ƙasa har Nentawe ta zo da safe. Suka tambayi wanda za a kira. Suna ɗaya ne a takarduna.

Bilqis ta zo ran Asabar. Nentawe ta ba ta makulli ta je gidana ta ɗebo mini kaya. Ta shigo ɗakin da jakata a hannu ɗaya, na'urar a ɗaya hannun. Ta ja labule.

"Tun yaushe take wurinka?"

Na ce tun Nuwamba.

"Kafin arba'in."

Na ce e.

Ta ce ta kunna ta a tsaye a falona, ta ga tsohuwar da fitila, ta zauna a ƙasa. Ta zaci ya dawo. Na ɗan lokaci ta zaci komai yana nan. Sai ta ga sunan. Ta ce bai taɓa sa sunansa a wasa ba. A na takwas sunan Inno ya sa wa tsohuwar. Kuma bai mayar da laimar ba, ya bar ta tana binsu, don ya ce jikan nan ba zai kula da ita ba.

Ban san ya sa sunan Inno ba.

Ta ce, "Da ka kai gadar, za ka ba ni ka ce nasa ne?"

Na so in ce ban yanke shawara ba. Na ce e.

Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga. Ta jera mini rigunan barci a durowa, ta zuba ruwa a kofi, ta gyara bargon ƙafata kamar ma'aikaciya. Ta ce Jeremiah ya ba ta guda ukun, ta gode masa. Ta ce na'urar tata ce, amma za ta mayar da ita gidana don ba ta son ganinta. Na ce ta yafe mini haƙƙinta. Ta ce, "Not today," ta buɗe labulen.

Alhamis, 25 ga Janairu

Mutumin gadon kusa da ni ya mutu da rana. 'Ya'yansa suka zo suka kwashe kayansa a leda biyu, har da silifas. Babbar ta rungume silifas ɗin a ƙirji.

Asabar, 10 ga Fabrairu

An sallamo ni. Keken dogarawa mai ƙafa huɗu, kujera a bayi. Na'urar tana kan teburi inda ta ajiye ta. Na sa Nentawe ta rufe ta da tawul.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Na kira Jeremiah na ce ya faɗa mini yadda ake gogewa. Ya ce, "Duka, Uncle? Aikin wata biyu?" Na ce duka. Na'urar ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata.

Na zauna da ita a cinya, ba komai a ciki. Ban yi niyyar sake farawa ba. Mai gashin ƙashi ce ta ce in riƙa motsa yatsu.

Wurin suna na daɗe. Nasa ba nawa ba ne in sa. Na Inno shi ya riga ni. Na rubuta Bara'u. Nentawe ta leƙo da safe ta ce, "Baba, tsohuwa ce fa." Na ce na gani. Ta yi dariya har ta ƙona burodi.

Wannan karon na fita daga ɗakin kafin shayi ya huce.

Lahadi, 3 ga Maris

Jiya Bilqis ta zo dawo da makulli. Tana iya sa shi a ambulan, amma ban faɗa ba. Ba ta buga ba, ta buɗe ta shigo, ta same ni a kai. Ban samu damar ɓoyewa ba. Ta tsaya bayan kujerata da kwat ɗinta a jiki, jaka a kafaɗa. Ta duba sunan.

Ina cikin dajin nan, na sake ɓata a inda na ɓata wancan karon.

Ta ce, "Ban yafe ba, ka sani."

Na ce na sani.

Tsohuwar ta tsaya ta dafa gwiwa, na jira ta huta. Na nufi dama.

"Hagu."

Na bi hagu. Ta ce in bar wannan naman kazar, guba ce. Ta ce in rage fitilar, akwai dila a gaba, ba ta son haske. Duk a tsaye. Da muka fita daga dajin ta duba waya ta ce lokacin jirginta ya yi. Ta ajiye makullin a kan teburi, ta ɗan tsaya, ta sake ɗauka, wai saboda in na ƙara faɗuwa. Ba ta kira ni Alhaji ba. Ba ta kira ni komai ba.

Ƙugun ya hana ni sakat yau. Idon hagu kusan ya tafi, an ce sai bazara za a duba shi. Azumi ya kusa, ban san ko zan iya ba.

Na tsaya da wasan a bakin dajin, ban ci gaba ba. Yatsun ne suka gaji.

Gobe zan sa Nentawe ta kwashe jaridun da ke kan ɗaya kujerar. Da ma sun isa zubarwa.